Amsoshin Tambayoyinku: 'Ya'yan Kyanwa da Aka Tsinta, da Kukan Mage Cikin Dare

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum. Barkanmu da sake saduwa a filin Amsoshin Tambayoyinku daga nan Kaduna. Wasiƙu da saƙonnin wannan mako yawancinsu a kan kyanwa suke, shi ya sa muka haɗa su wuri guda. Tunda sanyi ya fara kankama, bari mu soma da wadda ba ta jira.

Wata baiwar Allah ce daga Tudun Wada ta rubuto tana cewa: "Yarana sun tsinto 'ya'yan kyanwa huɗu a bayan wani kango, ko ido ba su buɗe ba. Na ba su madarar gwangwani da cokali, washegari ɗaya ta mutu, sauran kuma sai kuka da zawo. Yaya zan yi?"

Hajiya, Allah Ya saka miki da alheri, Ya kuma shi wa yaran nan albarka da wannan tausayi. Kafin maganar madara, a tura yaran su koma bayan kangon nan su duba. Sau da yawa 'ya'yan da muke ɗauka an yar da su suna da uwa, ta tafi neman abinci ne, ko tana cikin sauya musu maɓoya, domin mage ɗaya bayan ɗaya take kwashe 'ya'yanta a baki. Idan aka same su a dunƙule wuri guda, jikinsu da ɗumi, ba datti, cikinsu a cike, suna barci, to uwar tana kusa. Abin yi shi ne a ja da baya a ba ta sa'o'i kaɗan. Ana iya barbaɗa toka ko gari kewaye da wurin, in ta zo za a ga sawunta. Taɓa su da yara suka yi ba ya sa ta ƙi su, wannan zance ne kawai. In kun gan ta tana zagaye tana kuka, ku mayar mata da kayanta, ku riƙa ajiye mata abinci da ruwa. Ba wanda zai yi musu renon da za ta yi, kuma nononta na farko yana ɗauke da garkuwar jikin da ba a samu a kowace madara.

In kuwa an same su a cikin buhu ko kwali a bakin bola, ko a kwata ruwa na shirin cin su, ko jikinsu ya yi sanyi, wannan ba jira. A ɗauka.

To abu na farko ɗumi ne. Ina so ki riƙe wannan, Hajiya, domin a nan ake yawan rasa su. Jaririn kyanwa ba ya iya riƙe zafin jikinsa da kansa sai ya kai kamar mako 3 zuwa 4, da jikin uwa da na 'yan'uwansa yake ɗumama. Idan ya yi sanyi cikinsa ba ya narka komai, madarar da aka ɗura masa sai ta zame masa cuta. Ki taɓa tafin ƙafarsa da kunnensa, in kin ji sanyi ki sa shi cikin riga a ƙirjinki har ya ɗumama, tukuna a yi batun ci. Ki samu kwali ki shimfiɗa tsumma mai laushi, ki zuba ruwan ɗumi a gorar roba, ki naɗe ta da zani ki ajiye a gefe guda, ki bar ɗaya gefen fili yadda in zafi ya yi musu yawa za su matsa. Kada a kai kwalin kusa da kurfoti ko murhun gawayi, hayaƙin yana kashe su.

Zawon nan kuma daga madarar yake. Madarar shanu, ta gwangwani ce ko ta gari da muke shan shayi da ita, sukarin da ke cikinta ya fi ƙarfin cikinsu, kitse da abin gina jikin da suke buƙata kuma sun yi kaɗan. Akwai madarar gari da aka yi musamman don jariran kyanwa, a tambaya a shagunan magungunan dabbobi. Kafin a samu, nonon akuya da aka tafasa ya huce, a kaɗa ɗan kwaiduwa a ciki, zai riƙe su na 'yan kwanaki. A ajiye cokali, a nemi sirinji a cire allurar. A kwantar da shi a kan cikinsa kamar yadda yake shan nonon uwarsa, a riƙa ɗiga masa a hankali yana haɗiyewa da kansa. Idan aka rigingine shi irin na jaririn mutum, madarar sai ta bi ta huhu, kuma da wuya ya tashi. Nauyinsu a haihuwa bai wuce kamar giram 100 ba, cikin kuma ba ya ɗaukar fiye da mililita 4 a kowane giram 100 na nauyin jiki. A makonni biyun farko duk bayan sa'a 2 zuwa 3 ake ba su, har cikin dare. Aiki ne ja, ba zan ɓoye miki ba, gara a raba shi da manyan yaran gidan.

Akwai wani abu da mutane da yawa ba su sani ba. Jaririn kyanwa ba ya iya fitsari ko kashi da kansa, uwar ce take lasar gindinsa har ya yi. Don haka bayan kowane ci, ki jiƙa auduga da ruwan ɗumi ki riƙa shafa masa ƙasan ciki da gindin a hankali har ya yi. In ba a yi haka ba cikin zai kumbura, ya yi ta kuka ana zaton yunwa ce.

Tunda idonsu bai buɗe ba, ba su wuce mako 2 ba, domin tsakanin kwana 7 zuwa 10 yake buɗewa, wani ya kai 14. Kada a buɗe musu da hannu. Daga mako 4 sai a fara ba su kifi ko nama dafaffe da aka dagargaza ba ƙaya, ba yaji ba albasa, a ajiye musu roba da yashi, za ki ga sun soma zuwa can da kansu. In kuma akwai wata mage mai shayarwa a maƙwabta, a gwada kai mata, da yawansu suna karɓa. Zawon in ya wuce yini guda, a kai su asibitin dabbobi, domin ruwan jikinsu ba ya da yawa.

Sai wasiƙar wani Malam daga Rigasa. Ya ce magensu baƙa ce, ta soma kuka cikin dare kamar jariri, muzurai sun cika musu katanga da faɗa. Iyalinsa sun tsorata, maƙwabta na cewa ba kyanwa ba ce, a sa ta a buhu a kai ta hayin kogi a yar.

Malam, ka kwantar wa uwargida da hankali. Kyanwarka ta shiga lokacin barbara ne, kukan nan kiran muzuru take yi. Za ka ga tana birgima, tana goga jiki a kan komai, tana ɗaga gindi. Yakan ɗauki kamar mako guda, in ba ta samu ciki ba ya dawo bayan mako 2 ko 3. Farar mage ma haka take yi, mai dabbare-dabbare ma haka, baƙin gashi halitta ce kawai.

Maganar buhun nan ita ta fi damuna, domin daga nan irin 'ya'yan da yaran Hajiya suka tsinto suke fitowa. Mage tana iya ɗaukar ciki tun tana wata 5 ko 6, cikin nata kwana 63 zuwa 65 ne, kuma tana iya haihuwa sau 2 ko 3 a shekara. Gida ya cika, a rasa yadda za a yi, sai a ba yaro kwali a ce ya kai bola. Wanda ya yi haka bai rabu da alhaki ba. Hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta ɗaure, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abinci ba, yana cikin Bukhari da Muslim, kowa ya san shi tun daga makarantar Islamiyya. Ɗan da bai buɗe ido ba aka jefa shi bola, wane abinci zai nema? Likitocin dabbobi suna yin tiyata su cire wa macen mahaifa, namijin kuma a dandaƙe shi. Da an yi, kukan dare ya ƙare, faɗan katanga da fesa fitsari a bango su ragu sosai, ba kuma sauran 'ya'yan da za a rasa inda za a kai. Ana yi a asibitocin dabbobi na cikin gari, akwai kuma Asibitin Koyarwa na Dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya. In kana da shakka ta fuskar addini, ka tambayi malaminka, ka kuma gaya masa abin da ke faruwa da 'ya'yan in ba a yi ba.

Wata ɗaliba daga Unguwar Rimi tana tambaya: me ya sa kyanwarta take goga kai a ƙafarta, amma in ta kwanta ta shafa mata ciki sai ta cafke hannun? Kuma me ya sa take ajiye mata mataccen ɓera a bakin ƙofa?

Ƙanwata, a kumatunta da goshinta akwai wuraren da ke fitar da wani ƙamshi da mu ba ma ji, da shi take shafa wa abin da ta ɗauka nata ne. Kin shiga cikin nata ke nan. Kwanciyar rigingine alama ce ta amince da ke, amma ciki wuri ne da take karewa, ki tsaya a ƙarƙashin haɓa da bayan kunne. Ki kuma lura da jela: in ta soma kaɗa ta da ƙarfi, kunnuwa suka kwanta baya, ta gaji, ki janye hannu. Ɓeran kuwa, farauta ta yi ta kawo gida inda hankalinta ya kwanta. Kada ki doke ta, ki kwashe da leda ki wanke hannu. Abin da za ki kiyaye shi ne kada a zuba shinkafar ɓera a gidan, domin ɓeran da ya ci guba, in ta ci shi, gubar tana iya kama ta.

Daga Kawo wani dattijo ya ce magensa ta daina cin abinci, ga ƙuma a jikinta, ko ya ba ta rabin farasitamol ya kuma fesa mata fiya-fiya?

Baba, don Allah kada a yi ko ɗaya. Hantar kyanwa ba ta iya sarrafa farasitamol, ƙwaya ɗaya tana iya kashe ta, dasashinta ya sauya launi, fuska ta kumbura, numfashi ya gagara. Fiya-fiya kuma ta fata yake shiga, ga shi duk abin da ya taɓa gashinta sai ta lashe. Ko maganin ƙumar kare bai dace da ita ba, wasu suna sa ta farfaɗiya. A taje ta da mataji mai ƙananan haƙora, a wanke shimfiɗarta da ruwan zafi, likita ya ba da maganin da aka yi don kyanwa. Wadda ta yi kwana biyu ba ta ci ba, asibiti za a kai ta.

Ta ƙarshe daga Kakuri: kyanwar titi ta ciji yaro a hannu, ciwon ɗan ƙarami ne, ko a shafa man zafi a bar shi?

A'a, Hajiya. Ciwon haukan kare ba a kare kaɗai yake ba, kyanwa ma tana ɗauka, kuma da zarar alamunsa sun bayyana a jikin mutum kusan ba a tsira. A wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na tsawon minti 15, a kai yaron asibiti a yau ɗin nan, a gaya musu kyanwar ba ta gida ba ce don su fara masa allurar rigakafi. Haƙorin mage siriri ne, yana shiga ciki sosai bakin ciwon ya rufe, shi ya sa cizonta yake saurin ruruwa. Masu kyanwa a gida kuma, daga wata 3 ake yi mata rigakafin wannan ciwo, ana kuma sabuntawa yadda likita ya tsara.

Lokaci ya cim mana. Wasiƙun da suka rage, ciki har da ta mai juna biyu da ke tambaya a kan kwashe kashin kyanwa, za mu karanta su a mako mai zuwa in Allah Ya kai mu. Kafin nan dai, ki bar wa wani ya riƙa kwashewa kullum. A huta lafiya.