Kowa cewa yake baɗi zai tashi

Aminu: To jama'a sannunku da warhaka. Yau dai maganar nan ce da ta cika mana guruf tun makon jiya, duk ɗan hayan da ka tambaya a Kanon nan sai ya ce maka ai baɗi zan tashi in Allah ya yarda.

Hauwa: Har da mu a ciki wallahi.

Aminu: Ni abin da na gani ko, ba ƙanƙantar gida ke korar mutane ba, ruwa ne. Da nake zaune a Ɗorayi ciki da falo ne mai kyau, tayil har banɗaki, amma shekara biyu famfon nan ko ɗigo bai taɓa kawowa ba, kullum da sassafe ina bakin ƙofa ina jiran mai kura ya sauke min jarka shida, ranar da bai zo ba yara haka za su tafi makaranta ba wanka, ta yaya hankalinka zai kwanta a gida irin wannan?

Sadiq: Ga kuɗin mota kuma. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023...

Aminu: Yauwa! Mutum yana Rijiyar Zaki shagonsa na Kwari, ya kama gida mai araha amma adaidaita sahu ta cinye rarar. Daidai da 'yan Mararaba da Nyanya masu shiga Abuja aiki. Sannan kuɗin shekara a dunƙule ake so, ga la'adar dillali a kai.

Hauwa: Mu namu ba ko ɗaya a ciki, akwai bohol, ga makwabta na kirki. Mai gidan ne ya aiko wai ɗansa zai yi aure mu nemi wuri. Abin da ya fi damuna kayan ɗakina, tashin farko madubin gadona ya tsage, na biyu ƙofar wadirof ta ɓalle.

Sadiq: Ai kayan yanzu ba sa jure kwancewa sau biyu.

Aminu: Ina! Gadon ƙarfen Hajiyarmu mai rumfa har yau yana nan daram, shi da langunanta na jere.

Hauwa: Masu fure ja? Innarmu ma tana da su, ko taɓawa ba ta bari a yi.

Aminu: Su dai. Samiru ma...

Sadiq: Yaya Aminu, ba mu taɓo masu fuloti ba fa, waɗanda ke tara bulo a Janguza suna jiran siminti ya sauko, su ma kullum a shirin tashi suke.

Aminu: Kai, ga shi har an kira la'asar. Sai mako mai zuwa, ku ci gaba da turo saƙonninku. Hauwa, ki tuna min lambar kafintan nan kafin ku tashi.