Kwana Huɗu a Dajin Masai Mara

Bilkisu: Assalamu alaikum masu saurare, barkanmu da sake haɗuwa. Yau ɗakin namu ya cika, don Yaya Nura ya dawo daga Kenya, rana ta gasa shi kamar wanda ya yi noman rani. Ga kuma Malam Habu a gefe yana murmushi, na san da magana a bakinsa. Yaya Nura, sannu da hanya.

Nura: Yauwa, sannunmu Bilkisu. Malam, ina wuni?

Malam Habu: Lafiya lau, Nura. Ya ka baro su zaki? Ni tambayata ɗaya ce. Ga Yankari nan a Bauchi, amma ka tsallake ta, ka hau jirgi, ka zubar da daloli, don kawai ka kalli namun daji?

Nura: Na san ba za ki bari in sha ruwa ba, Bilkisu, ashe Malam ne zai fara.

Bilkisu: Ku dakata, za mu zo kan Yankari. Kalmar nan "safari" da ake ta faɗa, daga ina take?

Nura: Suwahili ce, ma'anarta tafiya. Su ma daga Larabci suka aro ta, "safar". Wato uwarsu ɗaya da "safara" tamu ta fatake. Turawa ne suka ɗauke ta suka maƙala mata ma'anar fita daji, da farko don farauta, daga baya don kallo. Kenya ta hana farautar nishaɗi tun 1977, yanzu kyamara kaɗai ake harbi da ita.

Bilkisu: To kai mu can. Ka sauka Nairobi, sai me?

Nura: Tun a filin jirgi aka nemi katin rigakafin shawara, wannan mai ruwan ɗorawa. Duk mai shirin tafiya ya fara da shi. Washegari da asuba muka kama hanya a Land Cruiser mai rufin da ake ɗagawa. Kana fita Nairobi kaɗan sai hanya ta gangara cikin wani makeken kwari da ya tsaga gabashin Afirka, ka tsaya a bakinsa ka leƙa sai ka ji jiri. Daga nan garin Narok, daga Narok daji. Awa 5 zuwa 6 ke nan. Masu kumbar susa kan hau ƙaramin jirgi daga filin Wilson, cikin minti 45 sun isa.

Malam Habu: Kai kuma kumbarka ba ta kai ba.

Nura: Ina fa, Malam! Kuɗin shiga dajin kaɗai dala 200 ne kowace rana ga baƙo daga Yuli zuwa Disamba. Daga Janairu zuwa Yuni dala 100. Ban da wurin kwana, ban da mota, ban da ɗan abin da za ka sallami direba.

Bilkisu: Dala 200! A rana ɗaya? Ai sai in ce su nuna min zakin yana rawa.

Nura: To nan ne mutane ke yin kuskure. Ba gidan zu ba ne, babu wanda ya ɗaure maka dabba. Masai Mara ta kai murabba'in kilomita 1,500, kuma ita ɗin ma ɗan kunne ce a jikin Serengeti ta Tanzaniya, wadda ta kusa 15,000. Babu shinge tsakaninsu. Abin da kuɗinka ya saya shi ne izinin ka zauna ka jira.

Bilkisu: Jiran me?

Nura: Bari in ba ku labarin kogi. Akwai wata dabba da mutanen can ke kira nyumbu. Mu ba mu da ita, shi ya sa ba mu da sunanta. Kai kamar na sa, gemu kamar na bunsuru, wutsiya kamar ta doki, ga kuka kamar kwaɗi a damina. Sun haura miliyan ɗaya, kuma duk shekara suna zagaye suna bin ruwan sama da sabuwar ciyawa, tare da dubban jakunan dawa da barewa. Wajen Fabrairu suna kudancin Serengeti suna haihuwa, kusan duk a 'yan makonni. Da ciyawa ta bushe sai su nausa arewa, daga Yuli zuwa Oktoba suna Mara. A hanya dole su ƙetare kogin Mara, kogin kuwa cike yake da kadoji.

Malam Habu: Wato mashekari da ruma. Yadda Fulani ke yi da shanu.

Nura: Haka nake ta faɗa a raina, Malam. Sai dai su babu makiyayi. Ranar farko muka isa bakin kogi da hantsi, ga su nan sun taru a gaɓa, ƙura ta tashi. Na farko ya sauko, ya shinshina ruwa, ya koma. Wani ya sauko, ya koma. Awa 4 muna zaune. Can sai wata guda ta juya baya ba gaira ba dalili, duk garken ya bi ta. Shi ke nan, muka koma masauki da dalolinmu a ciki.

Bilkisu: Wayyo! Da ni ce sai na yi kuka.

Nura: Wata Baturiya a motarmu ta kusa. Direbanmu dai ko a jikinsa. Rana ta biyu muka koma. Ban ma gama buɗe gorar shayi ba sai ɗaya ya faɗa ruwa. Bilkisu, kamar an ɓalle bakin dam. Suna dirowa daga gaɓa mai tsayi, wani kan wani, ruwa ya koma launin kunun kanwa, 'yan maruƙa suna kukan neman iyayensu. Kada ya ɗago ya kama wani ta wuya, a hankali, ba gaggawa, kamar mai ɗaukar abin da ya ajiye. Minti 20 aka yi, sai shiru. Ungulaye suka fara sauka.

Malam Habu: Ikon Allah.

Nura: Amma in faɗi gaskiya, akwai abin da ya ɓata min rai. Motoci. Na ƙirga har na gaji, kowane direba yana son ya tura baƙinsa gaba. Wasu sun tare ainihin inda dabbobin za su haura. Ka biya kuɗi ka ga daji, sai ga ka cikin cunkoso kamar Kantin Kwari ana jajiberin salla. Ni ma kuma ina cikin masu cunkoson, ba zan wanke kaina ba.

Malam Habu: Ka san abin da ya sa nyumbun nan suka yi yawa haka? Akwai alaƙa da mu. Cutar bushiya, wadda ta shigo Afirka wajen ƙarshen shekarun 1880, ta share shanu tun daga Habasha har ƙasar nan. Fulani da yawa sun kwana da garke sun tashi da sanda kawai. Su ma Masai, makiyayan can, haka. Cutar ba ta tsaya kan shanu ba, ta kama ɓauna da nyumbu. Da aka dage da yi wa shanu allura a shekarun 1950 da 1960, sai ta daina tsallakawa daji. Nyumbu da ba su wuce 250,000 ba a farkon shekarun 1960, kafin ƙarshen shekarun 1970 sun haura miliyan. A 2011 aka sanar an kawar da cutar daga duniya baki ɗaya. Ka ga, abin da ka je kallo da daloli, malamin dabbobi ne da sirinji ya dawo da shi.

Bilkisu: Malam, ashe kana kushewa amma ka fi mu sani.

Malam Habu: Ban kushe ba, 'yata. Tsada na ce.

Bilkisu: Yaya Nura, su Masai ɗin fa? Mu a hoto kawai muke ganin su da jan mayafi suna tsalle.

Nura: Tsallen nan na baƙi ne, ana biya a gani. Rayuwarsu ta gaske shanu ce. Na shiga rugarsu, ƙamshin nan dai na kashin shanu da hayaƙi da nono, na rufe ido sai na ji kamar ina wajen Dambatta. Direbanmu Bamasaye ne, ya yi kiwo yana yaro. Shi ya sa idonsa daban. Ya tsayar da mota ya ce mu dubi raƙuman dawa, duk sun daina ci sun zuba ido wuri guda. Muka bi inda suke kallo, sai ga zakanya kwance cikin ciyawa, launinsu ɗaya. Ni da zan wuce sau goma ban gan ta ba. Irin ilimin tsofaffin maharbanmu ne. Kuma a gefen dajin gwamnati akwai filayen da masu su suka haɗa suka bayar haya, kamar Naboisho da Mara North, ana biyan su kuɗin haya, ana kuma tsara inda shanu za su yi kiwo. A can an ƙayyade yawan motoci.

Bilkisu: Zakin kansa fa, manya-manyan dawa? Ya cika kirarinsa?

Nura: Barci! Zaki yakan kwashe mafi yawan yini a kwance. Mun same shi ya miƙe ƙafafu sama kamar kyanwar gida, ƙudaje na bin fuskarsa. Matan ne ke yawancin farautar. Wadda ta ba ni mamaki kura ce. Mun taso da tatsuniya cewa kura matsoraciya ce, sakarya, mai jiran mushe. Ƙarya muke mata. Yawancin abin da take ci ita ke kamawa da kanta, har ma zaki kan ƙwace mata. Kuma a cikinsu mace ce babba, ita ke mulki.

Bilkisu: Na ji daɗin wannan, a maimaita shi.

Malam Habu: Gizo ne ya ɓata mata suna. To salla fa? Ai ba a sauka daga mota.

Nura: Ba a sauka sai a wuraren da aka ware. Na yi ƙasaru, na haɗa azahar da la'asar lokacin cin abincin rana a gindin wata bishiya, direba yana tsaye yana duba ciyawa. Ban taɓa yin sallama da sauri haka ba, Allah Ya yafe min. Abinci kuwa ba matsala, ka faɗa musu tun wuri. Ugali tuwon masara ne sak, sai dai ya fi namu tauri. Abin da ya kama ni shi ne sanyi. Na tafi da 'yan riguna shara-shara ina cewa ai Afirka ce. Wurin tudu ne, ya fi mita 1,500 a sama da teku, ya ɗara Jos. Fita ƙarfe 6 na safe a mota buɗaɗɗiya, haƙorana har kaɗawa suke. Sai da na sayi mayafin Masai.

Bilkisu: Shi ne wanda ka kawo min tsaraba? Wato saura ka ba ni. Malam, ga filinka, kare Yankari.

Malam Habu: Ba zan yi ƙarya ba, ba za ka ga miliyan ɗin komai a Yankari ba. Dajinmu yana da duhuwa, bishiyoyi sun yi yawa, ba fili fetal ba ne irin nasu. Amma girmanta murabba'in kilomita 2,244, ta fi Mara. An keɓe ta a 1956, aka buɗe wa jama'a a 1962. Akwai giwaye, akwai ɓauna, gwanki, dorina. In kana son gani, je ka da bazara, Maris ko Afrilu, lokacin da ƙishirwa ke koro su bakin kogin Gaji. Ka dawo ka faɗa ruwan Wikki, mai ɗumi dare da rana, digiri 31. Wannan Mara ba ta da shi.

Bilkisu: Dangin mahaifiyata a Nijar kuma za su ce kar a manta da Kure, kusa da Yamai. Raƙuman dawan Afirka ta Yamma can suka rage. A 1996 saura 49, yanzu sun haura 600, suna yawo cikin gonakin mutane.

Nura: Cikin manyan dabbobi biyar da ake tinƙaho da su a safari, na ga giwa, zaki, ɓauna, har karkanda na hango daga nesa. Damisa ce ta ƙi. Mun tsaya gindin wata bishiya, ga barewar da ta rataye a reshe, jini bai ma bushe ba, amma ita ko wutsiyarta.

Malam Habu: Ƙi-sabo ke nan. To Maris mai zuwa ni zan kai ku Yankari, man mota a kaina. Sharaɗi ɗaya: kowa ya kulle ƙofarsa a Wikki. Gwaggon biri ya taɓa shigo min ɗaki ya ɗauke burodi da gwangwanin madara, ya zauna kan baranda yana ci yana kallona.

Bilkisu: An naɗa, Malam, man mota a kanka, masu saurare shaida ne. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.