Cire try da except ɗin nan daga setUp

To jama'a barkanmu da warhaka, yau setUp na unittest (kayan gwajin kod) a Python za mu duba, wato method ɗin da ke shirya komai kafin kowane gwaji, don wani kod da aka turo min wallahi sai da na dafe kai.

Ku kalli layin farko, super(TestBiyanKudi, self).setUp(). Wannan rubutun zamanin Python 2 ne, wanda aka yi jana'izarsa tun 1 ga Janairun 2020. A Python 3 super().setUp() kawai ya isa, ba sunan class ba self. Wasu kuma uban class ɗin, wato wanda aka gada, suke kira kai tsaye, BaseTest.setUp(self), yana aiki dai, amma ranar da ka haɗo da mixin, wato ƙarin class da ake gada tare da uban, sai a tsallake setUp ɗin mixin ɗin shiru ba wanda zai ce maka uffan.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar. Bawan Allahn nan ya buɗe database, ya ƙirƙiri folda ta wucin gadi, sai ya naɗe komai cikin try da except Exception, a ƙasa ya kira self.tearDown(), mai share fage bayan gwaji, da hannunsa. Na fahimce shi fa, don in setUp ya fashe unittest ba ya kiran tearDown sam, foldar sai ta zauna nan. Amma tearDown ɗin da ya kira zai je rufe self.conn, wato haɗin database, da ba a ma kai ga buɗewa ba, sai AttributeError ya fito a ƙasan rahoto, kuskuren asali yana can sama a binne, kai kuma ka kwana kana farautar abin da ba shi ne ya kawo matsalar ba.

Goge shi duka. Kana buɗe conn, layi na gaba self.addCleanup(conn.close). Kana yin folda, self.addCleanup(shutil.rmtree, folda). Tun Python 3.1 abin nan yana nan mutane ba sa taɓa shi. Ko setUp ya mutu a rabin hanya za a kira duk aikin sharar da ka riga ka yi wa rajista da addCleanup, daga na ƙarshe zuwa na farko, kamar sauke kwanukan da aka ɗora kan juna. In kana kan 3.11 ko sama ma, self.enterContext(tempfile.TemporaryDirectory()) layi ɗaya ya gama maka batun foldar.

Bari in lalata password ɗin database da gangan mu sake gudanar da shi. Kun gani, kuskure ɗaya tak, ga lambar layin da ya faɗi.