Takardar haihuwar da ba sunan uba

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Ku yi haƙuri da ƙarar hita, a mota nake, sanyin Kolombus, a jihar Ohayo ta Amurka, yau ba sauƙi. Yanzu na sauke Yaya da matarsa a gida, na ce bari in kunna kyamara tun abin bai huce a raina ba.

Yayan nan nawa ba ciki ɗaya muka fito ba, unguwarmu ɗaya a gida, shi ya tarbe ni ranar da na sauka Amurka. Shekara 14 yana tuƙin tirela, kowane albashi ana cire masa haraji. Bara shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da shi. Aka nemi kuɗin naƙasa na hukumar Social Security, wanda ake ce wa SSDI, aka amince, bayan wata 5 da doka ta ce sai an jira. To a tsarin nan ɗan mai karɓa ma yana da rabo, har rabin na ubansa, muddin bai kai shekara 18 ba, ko 19 in yana sakandare. Yaron da naƙasa ta same shi kafin ya kai 22 kuwa, ko ya girma yana iya ci gaba da karɓa.

Aka ce a kawo takardar haihuwar yaro. Muka ɗauko, wurin sunan uba wayam.

Jama'a, auren nan a gabana aka ɗaura shi a masallaci, da waliyyi da sadaki da shaidu, ni na raba dabino. Amma ba su karɓi lasisin aure a kotu ba, jihar Ohayo kuma tun 1991 ta daina karɓar auren da ba shi da takarda. A wurin jihar, Anti matar Yaya ba ta da miji. Ranar haihuwa Yaya yana hanyar Tezas da kaya. Asibiti suka ba ta fom ɗin amincewa da uba, wanda sai su biyun sun sa hannu, ta jefa a jaka. Aka yi suna, aka yanka rago, fom ya kwana shekara 7.

Da na yi masa bayani ransa ya ɓaci ƙwarai. Da bakinsa da bai gama warwarewa ba ya ce, "Ni za a ce in rantse ɗana nawa ne?" Na fahimce shi, don a wurinmu wannan magana zagi ce. Na ce, "Yaya, ba wanda ya taɓa asalin yaro. Malam ya gama nasa, wannan na gwamnati ne." Kwana uku bai ɗauki wayata ba. Anti ce ta shawo kansa, ban san me ta ce masa ba, ban kuma tambaya ba.

Aikin kansa bai kai awa ɗaya ba. Ana yin sa a ofishin lafiya mai rajistar haihuwa, ko a hukumar kula da kuɗin ciyar da yara. Kowa ya nuna katin shaida, ya sa hannu a gaban notari, wato wanda hukuma ta ba izinin shaida sa hannu, a buga hatimi. Bayan kwana 60 in ba wanda ya janye, magana ta zauna daram. Gwajin DNA sai in akwai musu, mu ba mu kai nan ba.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne lokacin sa hannun. Da hagu ya yi, biro yana rawa, notari ta tsaya tana kallonsa har ya gama. Da ciwon ya tafi da hankalinsa, da yanzu muna bin lauyoyi da kotu, muna tattaro tsofaffin takardun haraji da na makaranta inda ya taɓa rubuta yaron a matsayin ɗansa.

Ranar Talata za mu mayar da takardu, in Allah ya kai mu. Bari in tafi, an kusa tashi daga Islamiyya, kuma yau ni ne mai ɗauko yaron.