Kalmar "Get By" da Yadda Take Shafar Zamanmu a Birtaniya

Bismillahir Rahmanir Rahim. Mai girma shugaban ƙungiya, dattawanmu, malamanmu, iyayenmu mata, da 'yan'uwa ɗalibai da ma'aikata da suka taho daga sassan Manchester da garuruwan da ke kewaye da ita, assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Kwamitin ilimi na wannan ƙungiya ya nemi in yi magana a kan harshen Ingilishi kamar yadda muke cin karo da shi a asibiti da ofis da wurin aiki. Da yake aikina tafinta ne, na zaɓi in tsaya a kan wata gajeriyar magana guda ɗaya wadda nake jinta a bakin mutanenmu kusan kullum, kuma nake ganin illar da rashin fahimtarta ke haifarwa. Maganar ita ce "get by".

Ingilishi yana da ɗabi'ar haɗa aikatau da wata ƙaramar kalma, sai su biyun su ba da ma'anar da ba za ka same ta ba idan ka fassara kowacce ita kaɗai. Da yawa daga cikinmu mun koyi Turanci a makarantun Kano ko Zariya ko Kumasi, inda aka fi ba da ƙarfi ga manyan kalmomi na littafi, amma Baturen kan titi da waɗannan ƙananan haɗe-haɗen yake gudanar da zancensa tun daga safe har dare.

Ma'anar farko mai sauƙi ce, kuma ba zan daɗe a kanta ba. Idan kana tsaye a cikin bas ko a tsakanin kantocin babban shago, sai wata mata mai tura keken jariri ta ce maka "Can I get by?", hanya take nema ta wuce. Ka matsa gefe, magana ta ƙare.

Ma'ana ta biyu ce ta sa na tsaya a gabanku. Idan mutum ya ce "I'm getting by", yana nufin abin da ke hannunsa yana isarsa da ƙyar, babu rara, babu ajiya, amma bai kai ga faɗuwa ba tukuna. Mu ma muna da irinta: ana lallaɓawa, ana maneji, ana dai rufa asiri. Ƙaramar kalmar da ke biyo baya ita ke nuna abin da ake lallaɓawa da shi. Idan aka ce "get by on", abin da zai biyo baya adadi ne ɗan kaɗan, kamar kuɗin da mutum ke rayuwa a kansu a mako, ko barcin awa huɗu da mai aikin dare a gidan kula da tsofaffi ke samu. Idan aka ce "get by with", ana nufin abin da aka dogara da shi, ko tsohuwar mota ce ko taimakon dangi. "Get by without" kuwa jure rashin abu ne, kamar iyalin da suka kashe na'urar ɗumama gida a watan Janairu don gudun kuɗin gas. A duk waɗannan, kunnen Bature yana jin ƙunci a cikin maganar, amma yana jin cewa mai maganar bai nemi a taimake shi ba.

A nan ne al'adarmu da harshensu suke karo. An tarbiyyantar da mu a kan kunya da kawaici, kuma idan aka tambayi Bahaushe ya gida, amsarsa lafiya lau ce ko da tukunya ba ta hau wuta ba. Wannan tarbiyya ce mai daraja, kuma a gida tana aiki, domin maƙwabci yana ganin halin da kake ciki da idonsa, ba sai ka buɗe baki ba. Ma'aikaciyar ƙaramar hukuma ko ungozomar da ke ziyartar mai jego ba ta san wannan ba. Takarda ce a gabanta, tana tambaya tana cikewa. Idan ta tambayi yadda iyali ke fama da kuɗin haya da abinci, maigida ya sunkuyar da kai ya ce "we get by", abin da za ta rubuta shi ne iyalin suna iya ɗaukar nauyin kansu, ta rufe fayil ta tafi gida na gaba.

Kun san shekarun da muka ratsa. A watan Oktoban 2022 hauhawar farashi a ƙasar nan ta kai kashi 11.1 cikin ɗari, abin da ba a ga irinsa ba cikin shekaru arba'in. A watan Yunin 2023 gwamnatin Najeriya ta saki naira kasuwa ta yi mata farashi, kuma kafin shekara ta zagayo ta rasa fiye da rabin darajarta, sai ɗaliban da iyayensu ke turo musu kuɗin makaranta daga gida suka wayi gari abin da aka tanada bai kai ko'ina ba, alhali bizarsu ba ta ba su damar yin aiki fiye da awa 20 a mako lokacin da ake karatu. Daga Fabrairun 2024 kuma kuɗin lafiya da ake biya tare da biza ya tashi zuwa fam 1,035 a shekara ga babba, ɗalibi kuma fam 776. Wanda ke cikin wannan matsi, idan ya samu wanda ya tambaye shi halinsa da niyyar taimako, bai kamata ya ɓuya a bayan "get by" ba. Ya faɗi adadi: ga abin da ke shigowa, ga abin da ke fita, ga giɓin da ya rage.

Na san da yawa suna yin shiru ne saboda sharaɗin da ke kan bizarsu na haramcin cin kuɗin tallafin gwamnati, suna tsoron kada neman taimako ya ɓata musu takardu. Tsoron yana da tushe, amma sharaɗin bai rufe kowace ƙofa ba. Rumbunan abinci na ƙungiyoyin agaji ba sa cikin kuɗin da aka haramta. Shawarar da ƙungiyar ba da shawara ga jama'a ta Citizens Advice ke bayarwa kyauta ce kuma cikin sirri. Sashe na 17 na Dokar Yara ta 1989 ya ɗora wa ƙananan hukumomi a Ingila alhakin duba yaran da ke cikin buƙata, har da na iyalan da wannan sharaɗi ya hau kansu. Duk waɗannan ƙofofi, mutum ba ya isa gare su sai ya faɗi gaskiyar halinsa da kalmomin da ba su da harshen damo.

Akwai kuma amfani na uku da ya fi damuna a matsayina na tafinta, wato "get by in", wanda ake faɗa game da harshe. Idan mutum ya ce "I can get by in English", yana nufin zai iya sayayya, ya tambayi hanya, ya gaisa da maƙwabta. Na sha ganin dattijo a gaban teburin karɓar marasa lafiya, an tambaye shi ko yana buƙatar tafinta, ya ɗaga hannu ya ce yana "get by", domin yana ganin neman tafinta kamar tallata jahilci ne, shi da ya yi shekaru yana aikin gwamnati da Turanci a gida. Sai ya shiga wurin likita, likitan ya yi bayani da sauri da karin harshen arewacin Ingila, ya ce a daina wannan ƙwaya, a ninka waccan, a dawo gwajin jini bayan mako shida. Dattijon yana gyaɗa kai har aka gama, ya fito riƙe da takardar magani yana juya ta, sannan ya tambayi jikarsa 'yar makarantar firamare abin da aka ce. Turancin da ya isa kasuwa bai isa ɗakin likita ba, kuma babu abin kunya a cikin haka. Hukumar lafiya ta NHS tana samar da tafinta kyauta ga wanda ya nema, ƙa'idarta kuma ba ta yarda a mai da ƙananan yara tafintoci ba. Ina roƙon iyayenmu, musamman mata, su nemi a rubuta a fayil ɗinsu cewa suna son tafintan Hausa, kuma mace tana iya neman a kawo mata mace.

Kada kuma a rikita wannan kalma da 'yar'uwarta "pull through", wadda za ku ji a bakin likita idan ciwo ya yi tsanani. Ita tana nufin tsallake haɗari, wato mara lafiya ya kuɓuta daga halin rai kwakwai mutu kwakwai. Idan likita ya ce yana sa ran mara lafiyarku zai "pull through", albishir ne, sai dai yana ɗauke da labarin cewa an shiga haɗari na gaske.

Sauran magana tsakaninmu take. 'Ya'yanmu da suka tashi a nan sun fi mu jin waɗannan kalmomi, kuma da su suke bayyana damuwarsu. Idan ka tambayi ɗanka da ke jami'a a Leeds ko Sheffield yadda yake, ya ce maka "just getting by", kada ka ɗauka ya ce lafiya lau ka ajiye waya. Kalmar "just" da ya ƙara tana nufin saura ƙiris. Ka sake tambaya: kuɗi ne, karatu ne, ko kaɗaici? Haka nan ɗan'uwan da ya daina zuwa taro, ko ya daina biyan kuɗin wata-wata ba tare da bayani ba, idan ya ba da wannan amsa a ƙofar masallaci bayan Juma'a, ya kamata wani daga cikin dattawa ya ja shi gefe.

Saboda haka nake ba shugabanni shawarar a ware mutum biyu, namiji da mace, waɗanda za a iya samu a asirce a kan batun asusun taimako, ba sai mai buƙata ya tsaya gaban kwamiti ba. Ni kuma bayan an idar da sallar La'asar zan zauna a teburin da ke bayan zauren nan, duk mai wasiƙar asibiti ko ta ƙaramar hukuma da bai gane ba ya kawo mu karanta tare.

Allah Ya rufa mana asiri, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.