Baƙon da likita ya sa wa doka: me za a dafa masa?

Assalamu alaikum jama'ar Damagaram, da masu kallonmu daga nesa. Yau maganar tire za mu yi.

Kun san yadda ake yi a gidajenmu. Baƙi sun sauka, an shimfiɗa tabarma, an kawo ruwa, an ajiye babban tire a tsakiya, kowa ya wanke hannu. Maigida yana tura nama gaban babban baƙo yana cewa, "Alhaji, ci mana, ai ba ka ci komai ba." Alhaji kuwa watanni uku ke nan da likita ya hana shi gishiri. Zai faɗa? Ba zai faɗa ba. Zai ci, ya yi godiya, ya sa albarka, ya koma masauki ya kwana da ciwon kai. Kunya da kara ba sa barin baƙon Bahaushe ya ce "ba na cin wannan" a gidan mutane, balle idan gidan surukai ne. To tun da shi ba zai buɗe baki ba, aikin ya dawo kan masu gida.

Tambaya ake yi, kuma tun kafin a je cefane. Idan ranar Alhamis za ki shiga kasuwar Dole, to Laraba da dare ki ɗauki waya. Kada ki kira baƙon da kansa, don amsarsa a shirye take: "Haba, duk abin da ya samu." Matarsa za ki kira, ko 'yarsa, ko wanda ke zuba masa abinci kullum. "Hajiya, akwai abin da likita ya hana Baba? Ƙarfe nawa yake shan maganinsa?" Tambaya biyu ke nan, kuma ta biyun ita ce aka fi mantawa da ita. Za mu dawo kanta.

Mu fara da hawan jini, wanda a nan muka fi kira tansiyo. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babban mutum kada ya kai giram 5 na gishiri a yini, wato kamar cikin ƙaramin cokalin shayi ɗaya, kuma wannan lissafin ya haɗa da kari, da na rana, da na dare. Mai girki takan ce, "Ni fa ban sa gishiri ba, dunƙule kawai na sa." Dunƙulen nan na ɗanɗano kusan rabin nauyinsa gishiri ne. Kanwar da muke jefawa a miyar kuɓewa don ta yi yauƙi, da wadda ke shiga ɗanwake, ita ma tana ɗauke da sinadarin nan na sodiyam da ake gudu a gishiri. Kilishi, tsire, yajin da ake barbaɗawa, kifin gwangwani, duk da nasu rabon.

Ba sai an ɗora tukunya biyu ba. Ki haɗa miyarki kamar kullum da albasa, tumatir, tattasai, tafarnuwa, citta da daddawa, ki bari ta nuna. Kafin gishiri da dunƙule su shiga, ki ɗebi rabon Baba a ƙaramar tukunya. Ki matsa masa lemun tsami kaɗan. Tsami da ƙamshin daddawa suna rufe ramin da gishiri ya bari, har mutum ya ci da marmari. Abin da bai kamata ba shi ne a kawo masa dafaffen ganye fari fat kamar ana horonsa, sauran mutane suna shan romo a gefensa.

Sai ciwon sukari. Nan ne mutane da yawa suka ɗauka magana ta ƙare da zarar an hana mutum sukarin shayi. Farar shinkafa, burodi, taliya, tuwo, duk jiki yana narkar da su su koma sukari a cikin jini. Furar hatsi ma haka, ko da ba a zuba mata komai ba, balle an dama ta da sukari ludayi guda. Ba a ce mai ciwon sukari ya bar tuwo ba, yawan ne ake ragewa. Ma'aikatan lafiya suna da wani awo mai sauƙin riƙewa: a raba faranti, rabi ganye da kayan lambu, kashi ɗaya cikin huɗu nama ko kifi ko ƙwai, ragowar kashin tuwo ko shinkafa. Lokacin sanyi wannan ba wuya a Zinder, salak da kabeji da tumatir na lambunan Mirya sun cika kasuwa. Idan rani ya tsananta, ga zogale, ga rama, ga wake, wanda ba ya tayar da sukari da gaggawa kamar farar shinkafa.

Lemun kwalba kuwa, gwangwani ɗaya na Coca-Cola mai santilita 33 yana da sukari kusan giram 35. Ku ƙirga ƙwayar sukari bakwai a tafin hannu, shi ke nan. Zoɓo da ruwan citta da tsamiya namu na gida sun fi sauƙin gyara, tun da ke ce mai zuba sukarin: ki ware kwalba ɗaya kafin ki zuba.

Yanzu ga maganar lokaci. Mu nan in an ce walima bayan Azahar, kowa ya san sai La'asar ta gota tire zai fito. Ga mai lafiya, yunwa ce kawai da ɗan gunaguni. Ga wanda ya yi allurar insulin, ko ya sha irin ƙwayoyin da ke saukar da sukari, yana sa ran zai ci abinci nan da ɗan lokaci, jinkirin nan haɗari ne. Sukarinsa zai faɗi. Za ku ga gumi yana keto masa, hannu yana rawa, magana tana sarƙewa, wani ma ya riƙa faɗa ba dalili. A wannan halin sukarin da ake hana shi shi ne maganinsa: ƙwayar sukari uku a ruwa, ko rabin kofin lemu, a jira minti 15, in bai warware ba a ƙara, sannan a ba shi abinci. In ya suma, kada a ɗura masa komai a baki, a nufi asibiti da shi. Hanyar kauce wa duk wannan ba ta da tsada. Ki ajiye masa ɗan abin taɓawa a ɗaki, ko dafaffen ƙwai da gutsuren burodi, ki sa yaro ya raɗa masa.

Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne mai ƙin gyaɗa, ko gujiya kamar yadda wasunmu ke cewa. Ba ƙyama ba ce, ba kuma iyayi ba. Jikin wasu mutane yana ɗaukar gyaɗa a matsayin abokiyar gaba. Cikin 'yan mintoci leɓe ya kumbura, jiki ya yi ruɗu-ruɗu, maƙogwaro ya fara toshewa. An fi jin labarin daga 'ya'yan 'yan'uwa da suka taso a Faransa ko Amurka suka zo hutu, amma a nan ma akwai su. Ku duba kicin ɗinmu ku ga inda gyaɗa ba ta shiga ba. Yaji da ƙuli-ƙuli ake daka shi. Kilishi a cikin labun gyaɗa ake tsoma shi kafin a shanya. Kwaɗon zogale, tsire, miyar taushe, kunun gyaɗa, da man gyaɗan da mata ke matsewa a gida, wanda ba a tace shi irin na masana'anta ba. Wuta ba ta kashe abin. Tsamewa ma ba ta wadatarwa: ludayin da ya shiga miyar gyaɗa ya koma wata tukunya, ko turmin da aka daka ƙuli-ƙuli aka goge da hannu kawai, ya isa ya kwantar da yaro. In kina da irin wannan baƙon, shawarata ki kori gyaɗa daga girkin ranar gaba ɗaya, ki wanke turmi da muciya da sabulu. Kuma don Allah kada wata gwaggo ta ce, "Ba shi kaɗan ya saba." In numfashi ya fara yi masa wuya, ba a tsaya jiƙe-jiƙe ba, sai asibiti mafi kusa nan take.

Sauran ba su kai waɗannan nauyi ba. Mai gyambon ciki, a kai barkono gefe a ƙaramin kwano, mai so ya ɗiba. Wanda madara ke murɗa wa ciki sau da yawa yana iya shan nono mai tsami kaɗan, amma a tambaye shi. Abokin aiki Bature da ba ya cin nama, tsame naman daga miya bai mayar da ita tasa ba, romon yana nan. Shinkafa da wake da soyayyar albasa sun raba gardama. Maƙwabci ɗan Katolika a lokacin azuminsu ba ya cin nama ranar Juma'a, a sama masa kifi. Tsoho mai ƙarancin haƙori, a dafa naman ya yi laushi.

Saura yadda za a kai abincin, kuma nan ne ake ɓata rawa da tsalle. An sha wahala an yi girki na musamman, sai yarinya ta shigo zaure da kwano tana cewa, "Wai ga na mai ciwon sukari." Shi ke nan an tona wa dattijo asiri a gaban surukansa. A kawo kwanon shiru, a ajiye ta gefensa kamar girmamawa ce aka yi masa, dama babba ai da kwanonsa ake saninsa. Mafi kyau ma a yawaita abin da kowa zai iya ci, har ba a gane wa aka yi dominsa. Maigida kuma, in ka ce "Bismillah, ƙara mana" sau ɗaya, ya ce ya ƙoshi, ka bar shi haka.

Bayan an ɗauke tire, yaro zai hura gawayi ya ɗora buta. Ku ja shi gefe tun da wuri: kafin ya zuba sukari a shayin farko, ya tsiyaye kofi ɗaya ya miƙa wa Baba.