Wa Za Ka Kai Wa Kuka Idan An Cuce Ka a Ciniki?

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Iyayena maza da mata, shugabannin kasuwa, 'yan'uwa matasa, barkanmu da wannan yammaci. Na gode wa waɗanda suka shirya taron nan da suka ba ni dama in yi magana a kan abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya.

Zan fara da goggona. Wata ranar Laraba da hantsi tana tsince shinkafa a tsakar gida, wayarta ta yi ƙara. Mai kiran ya gaishe ta da Hausa tsantsa, ya kira cikakken sunanta, ya ce daga banki yake, za a rufe asusunta idan ba a sabunta shi a ranar ba. Ya ce, "Hajiya, ba sai kin wahala kin zo ba, wasu lambobi za su shigo wayarki yanzu, ki karanto mini." Ta ajiye faranti, ta ɗauko tabarau, ta karanto masa lambobin ɗaya bayan ɗaya. Har addu'a ta yi masa. Kafin azahar kuɗin adashin da ta shekara tana zubi sun fice daga asusun.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne sai da ta yi mako uku ba ta gaya wa kowa ba. Kunya ta hana ta, wai kada 'ya'yanta su ce ta yi wauta. Da na tambaye ta me ya sa ba ta je banki ba, sai ta ce, "Ɗan nan, na bar shi da Allah." Barin mutum da Allah gaskiya ne, kuma Allah ba ya barci. Amma a makonni ukun nan da ta yi shiru, mutumin nan mutum nawa ya kira da wannan layin?

Jama'a, tsare haƙƙin mai saye ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Mun san Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya wuce ta wurin mai sayar da abinci, ya cusa hannu cikin tsibin ya ji danshi a ƙasa, ya tsawatar masa a kan algus. Sura guda aka saukar a kan masu tauye mudu. Asalin aikin hisba ma a kasuwa yake: duba ma'auni, duba sikeli, hana ha'inci. Sarkin kasuwa da sarkin pawa sun daɗe suna raba rigimar ciniki tun kafin Bature ya zo. Abin da ya sauya shi ne a da wanda ya cuce ka kana ganinsa a rumfarsa, yau kuwa yana iya zama a wani gari, ko a bayan wata manhaja a cikin wayarka. Sarkin kasuwa ba zai kamo shi ba. Shi ya sa dole mu san ƙofofin hukuma.

Babbar ƙofa ita ce hukumar da ake kira FCCPC, wato hukumar tarayya mai kula da gasa a kasuwanci da kare haƙƙin masu saye. A da sunanta CPC, an kafa ta da dokar soja a 1992. A farkon 2019 Shugaba Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar da ta faɗaɗa ikonta. Dokar nan ta ba ka haƙƙin mayar da kaya idan ya fito da aibi ko bai dace da abin da aka siffanta maka ba. Wannan rubutun da muke gani a ƙasan rasit, wai kayan da aka saya ba a mayarwa, ba ya soke haƙƙin da doka ta ba ka. Ita ce kuma hukumar da ta tasar wa manhajojin ba da bashi a 2022, masu aika wa dangin mutum da surukansa saƙo cewa ɓarawo ne don ya yi jinkirin biya. Mu nan Kano muna da tamu hukumar kare haƙƙin masu saye ta jiha, ga kuma hukumar karɓar ƙorafe-ƙorafe da yaƙi da cin hanci.

Zan ɗan daɗe a kan magani, don a nan cuta ba ta tsaya ga aljihu ba. A 2008 wani maganin haƙoran jarirai mai suna My Pikin ya hallaka yara 84 a ƙasar nan, har da Zariya cikin wuraren da abin ya shafa. An haɗa shi da wani sinadari mai guba da ke lalata ƙoda. Uwa ta saya da kuɗinta, ta ɗura wa ɗanta da hannunta don ya samu barci, fitsari ya ɗauke masa, ya tafi. Da likitoci ba su lura yaran da ake kawowa duk magani ɗaya suka sha ba, suka kai rahoto, da kwalaben nan sun ci gaba da yawo a kemis. NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, ta janye maganin, ta rufe kamfanin, a 2013 kotu ta ɗaure ma'aikatansa biyu shekara bakwai-bakwai.

NAFDAC ɗin nan an kafa ta a 1993, amma yawancinmu ba mu san da ita ba sai zamanin marigayiya Dora Akunyili, wadda ta riƙe ta daga 2001 zuwa 2008. Ƙanwarta ta rasu sanadiyyar jabun allurar ciwon suga, don haka ta san zafin abin a jikinta. A Disambar 2003 aka buɗe wa motarta wuta, harsashi ya huda ɗankwalinta ya gogi fatar kanta. Ina faɗin wannan ne don masu cewa duk hukumomin gwamnati holoƙo ne. Akwai sakaci, akwai jan ƙafa, akwai ma'aikacin da sai ka yi ta sintiri kafin ya duba takardarka. Na sani, kun sani. Amma an yi waɗanda suka sa ransu a kan aikin, kuma an ga bambanci. Ku iyaye mata, kafin ku ba yaro magani ku duba lambar NAFDAC da ranar lalacewarsa. Wasu magungunan, musamman na zazzaɓin cizon sauro, suna da wurin kankarewa kamar katin waya. A kankare, a tura lambar ta saƙo, amsa za ta zo ko na gaske ne.

Kayan wuta, siminti, rodi, tayar mota, tukunyar gas, waɗannan na hukumar SON ne, mai kula da ingancin kayayyaki. Kamfanin waya idan yana zaftare maka kuɗi kuma ka yi masa magana bai gyara ba, ka kira hukumar sadarwa ta NCC a 622, kyauta ne.

Sai harkar "zuba kuɗi ka kwashi ninki". MMM ta rufe a Disambar 2016 da kuɗin mutane, muka ce an yi hankali. A Afrilun 2025 CBEX ta maimaita mana karatun. Masu wannan zamba ba su da gona, ba su da masana'anta. Kuɗin wanda ya shigo yau ake biyan wanda ya shigo jiya, ranar da sababbin shiga suka ragu sai a nemi shafin a rasa. Kuma wanda ke jawo ka ba baƙo ba ne, abokinka ne ko ƙanwar matarka, ita ma an biya ta sau ɗaya ta yarda. Duk mai karɓar kuɗin jama'a da sunan zuba jari wajibi ne ya yi rajista da hukumar SEC mai kula da harkar zuba jari, kuma ana iya duba sunansa a shafinta. Takardar CAC da suke nuna muku shaidar rajistar sunan kamfani ce kawai, ba izinin karɓar jarin mutane ba. Dokar zuba jari ta 2025 ta tanadi ɗaurin da ya kai shekara 10 ga masu wannan harka. Idan an riga an damfare ka, EFCC da 'yan sanda ne wurin zuwa.

Ƙungiyoyi masu zaman kansu ba su da ikon kama kowa, amma suna da amfanin da hukuma ba ta da shi. Su ke wayar da kai a rediyo, su ke taya wanda bai iya rubutu ba tsara ƙorafi, su ke tara kukan mutum hamsin ya zama murya ɗaya da ba a iya kawar da kai daga gare ta. Ranar 15 ga Maris ta kowace shekara suna bikin ranar haƙƙin masu saye ta duniya. A ganina, ƙungiyar da ta fi kusa da mu ita ce wadda muke da ita tuntuni: ƙungiyar 'yan kasuwa, kwamitin masallaci, ƙungiyar matan unguwa. Alhaji shugaban kasuwa, ranka ya daɗe, da za a ajiye littafi guda a ofishinku, duk wanda aka ba jabun kaya ko aka yi wa alat na bogi a rubuta rana da lambar waya da lambar asusun, cikin wata uku za ku ga lambobi ɗaya suna maimaituwa. Da wannan littafin za ku shiga kowane ofis a saurare ku.

Mu koma kan goggo. Da muka je banki, ma'aikaciyar ta ce da a ranar muka zo, da an iya aika wa bankin da kuɗin suka faɗa ya riƙe asusun kafin a kwashe. Duk da haka muka rubuta ƙorafi, muka haɗa da hoton saƙonnin cirar kuɗin da lambar da ta kira, muka karɓi lambar shaidar ƙorafin. Ƙa'idar Babban Bankin Najeriya, wato CBN, ita ce ka fara da bankinka, ka ba shi mako biyu, wasu matsalolin har wata guda. Idan bai warware ba, ka kai ƙara sashen kare haƙƙin abokan hulɗa na CBN da wannan lambar a hannunka. Kuɗin goggo ba su dawo ba. Amma ranar zubin adashi na gaba ta miƙe a gaban mata goma sha biyu ta ba su labarin da bakinta, ta ce musu banki ba ya kiran mutum ya tambayi lambar sirri ko lambobin da suka shigo waya. Bayan sallar da ta wuce aka kira ɗaya daga cikinsu da irin wannan murya mai ladabi, ta kashe wayar ta tafi reshen bankinta da ƙafarta.

Na ga an miƙo takardun tambayoyi. Malam mai gabatarwa, bismillah, a fara da na ɓangaren mata.